Na Kunyata Dattijon Ajina a Gaban Kwamfuta

Assalamu alaikum Hajiya Turai. Don Allah ki taimake ni da shawara, na yi ɓarna da hannuna kuma na rasa ta inda zan fara gyara.

Ni malama ce a wata kwaleji a nan Birnin Kudu, shekarata ashirin da tara. Ina koyar da amfani da kwamfuta a harkar kasuwanci ga 'yan ajin Asabar da Lahadi. Ɗalibaina hamsin da huɗu ne, kwamfutocin da ke da sauran numfashi kuwa tara. Bara a kan allo na yi ta fama, ina zana maɓallai da alli, rabin aji na gyangyaɗi. Bana na ce ba za ta saɓu ba. Na raba su rukuni tara, mutum shida-shida, kowane rukuni da kwamfutarsa, na ce su zaɓi sana'ar da suka sani su yi mata aiki. Na kuma buɗe mana zauren WhatsApp, ina tura bayani da murya cikin Hausa. Hajiya, sai ga aji ya farfaɗo. 'Yan Surko da Wurno, da a da sai sun ga dama suke leƙowa, suka koma suna riga ni zuwa. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya ɗan kumbura.

A ajin akwai dattawa uku. Babbansu Malam Barau, mutumin Dingaya ta ƙasar Gwaram, ya ba hamsin baya. Tsohon direba ne a hanyar Kano, yanzu shi ke tsara lodi a wata tasha. Ya taɓa gaya min ya shigo makaranta ne don ya gaji da kai wa yara takarda su buga masa. Rukuninsa suka naɗa shi shugaba, kuma aikinsu ya fi na kowa kyau: jadawalin motocin tasha, wace ta tashi, wace ke bin layi, wace ke gareji. Ni kuwa da wautata aikin kawai nake dubawa in ba da maki, ban taɓa tsayawa na ga hannun wa ya yi ba.

Ranar nuna aiki, shugaban sashenmu yana zaune, na haɗa majigi na ce shugaban kowane rukuni ya fito ya nuna nasu. Da aka zo kan Malam Barau sai wani saurayi a rukuninsa, Musaddiq, ya yi zumbur zai fito. Na daka masa tsawa na ce ya daina rawar kai ya bar manya su yi. Malam Barau ya taso a hankali, ya zauna, ya kama maus, wato linzamin kwamfutar, da hannu biyu. Kibiyar kwamfutar ta yi ta yawo a jikin bango kowa na kallo, ya kasa buɗe ko shafin farko. Babu wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi. Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya yi mana sallama ya fita.

Daga baya wata ɗaliba, Zulfa, ta warware min zancen. Ashe tun farkon zango bai taɓa taɓa kwamfutar ba. Duk sanda ya miƙa hannu sai wani ya ce Baba ya huta, su za su yi. Wai ta yaya za su zauna hannu rabbana sa'an mahaifinsu yana aiki? Shi yake faɗa da baki, su suna bugawa. Sauran dattawan biyu ma haka ake yi musu. Musaddiq ɗin da na tsawata wa, rufa masa asiri ya tashi yi.

Yau sati biyu ke nan bai zo ba. In ya ƙara biyu, dokar makaranta ta hana shi zama jarrabawa, ga ta saura sati biyar, kuma kowa shi kaɗai zai zauna gaban na'ura. Bai fita daga zauren WhatsApp ɗin ba, ina ganin alamar yana sauraron duk saƙon da na tura. Wani abokin aikina ya ce in rushe rukunan in koma allo, wai da ma haɗa tsoho da yaro neman magana ne. Na ɗauki waya in kira Malam Barau ya fi a ƙirga, sai in ajiye. Kunyarsa nake ji, kuma ina tsoron a ce ni ce sanadin barinsa karatu.

Malamar da ta yi abin kunya, Birnin Kudu

Wa alaikumus salam Malama. Share hawayenki, abin bai kai inda kike tsoro ba. Wanda ya yanke ƙauna da makaranta ba ya ɓata datarsa yana sauraron muryar malamar da ta ba shi kunya. Mutumin nan hanyar dawowa yake nema, wadda ba za ta zubar masa da girma ba, kuma ke ce za ki share ta.

Laifinki ɗaya ne, kin kuma faɗe shi da bakinki: kin duba aiki ba ki duba hannu ba. Yaran kuwa ba su yi laifi ba. Tarbiyyar da muka ba su ce, cewa ba a barin babba da kaya a hannu. Sai dai ba su gane cewa karatu ba ya cikin kayan da ake karɓar wa mutum ba. Kada ki yi musu faɗa. Ki gode musu, ki nemi afuwar Musaddiq, sannan ki fahimtar da su cewa hutun da suke ba Baba shi zai kayar da shi jarrabawa.

Ajiye wayar nan. Ba a ba dattijo haƙuri ta waya, kuma kada ki same shi a tasha cikin yaransa. Ki nemi wani babba da yake ganin girmansa, ko cikin malamanku ko cikin danginki, ku je har gida Dingaya cikin satin nan. Ki ce kin yi kuskure, a taƙaice, ba tare da dogon bayanin yadda aka yi ba. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle wanda ya haife ki.

Shawarar abokin aikinki kuwa, ki bar masa kayarsa. Ajin da ya tashi daga barci ba a mayar da shi don an yi tuntuɓe sau ɗaya. Amma akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa, domin babba ba ya son yin kuskure a gaban 'ya'yansa. Saboda haka ki ware wa dattawan nan uku minti arba'in kafin aji, su kaɗai, kowa da kwamfutarsa, ƙofa a rufe. A nan za su yi ta kuskurensu suna yi wa juna tsiya, ba mai karɓe wa wani. Ki fara wa Malam Barau da jadawalin tasharsa, tunda duk abin da ke ciki daga kansa ya fito, yatsu ne kawai suka rage. Sati biyar ba zai mai da shi gwani ba, amma mutumin da ya iya sarrafa babbar mota a hanyar Kano ba maus ne zai gagare shi ba.

A cikin rukuni kuma ki kafa doka a rubuce, ki manna a bango: kowa minti goma a gaban kwamfuta, bi da bi, da sunansa, kuma makin rukuni ba ya cika sai kowa ya zauna. In doka ce ta Malama, yaro ya fita daga zargin rashin ladabi, babba ma ya huta da roƙon a bar shi ya gwada.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mai wuya. Ranar da ya dawo, kada ki yi masa wata tarba ta musamman, kada ki sake ba shi haƙuri a gaban aji, ki kuma ja kunnen yaran kada su yi. Ki kira sunansa a rajista, ki ba shi aikin ranar, in ya yi kuskure ki gyara masa kamar kowa. Tun farkon zango ake girmama shi a matsayin uba, har yau ba wanda ya ɗauke shi ɗalibi, kuma abin da ya baro Dingaya nema ke nan.

Allah ya dawo miki da shi, ya ba shi sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a aikinki.

Hajiya Turai