Ruwan Ƙofar Shagon Baba

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya gajiya, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Binta da yara? Inna ta ji sauƙin ƙafar.

Ranar da za ka tafi ka ce, "Rabi, muddin ina numfashi ba mai tashinki daga shagon Baba." To, kana numfashi, ga shi ana tashina.

Alhaji Sale, mai shagon da ke jikin nawa, ya kai ni gaban mai unguwa. Wai ruwan da nake yayyafawa a ƙofa da safe bayan shara na asiri ne, shi ya kore masa ciniki. Yana ta kumfar baki, wai zamanin Shari'a ne, ba za a bar matsafiya a Gwarzo ba.

Na ce, "Alhaji, in ruwana ne ya hana talaka sayen sukari, ai ya malala har Kabo, har Kano. Gwamnati ta zo ta ba ni haƙuri mana." Na ɗebi kofi guda a bokitin ruwan da aka kawo shaida na shanye. Har mai unguwa sai da ya dara.

Amma dariya ba ta sayi ko ashana ba. Magidanta sun hana matansu aikowa wurina, sai in yini ina korar ƙuda. Duk karatun fiƙihun da na yi ban ga babin bokiti ba, amma wa ke sauraron bazawara? Maganarka kaɗai za su ji.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Binta. In aka ga watan azumi ba ka zo ba, zan rufe shagon in koma Gammo wurin Inna. Bokitin kuwa in bar wa Alhaji, ya ga ko ciniki zai dawo.

Ƙanwarka,
Rabi