Ƙorafi kan shirin korar Tsahara Jibo daga lakwal

Zuwa ga: Mai girma Sufeton Makarantun Firamare, Maradi
Daga: Jibo Maidawa, mai gyaran injin ban-ruwa, Jiratawa
Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Game da: Shirin korar ɗiyata Tsahara daga ajin CE2 (aji huɗu) na lakwal, wato makarantar Rijiya Biyu, da irin horon da ake yi mata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ban taɓa zama a aji ba, da gemuna na koyi karatu a yaƙi da jahilci. A yi haƙuri da rubutuna, amma a karanta shi har ƙarshe.

1. Tsahara shekarunta goma sha ɗaya. Ta maimaita aji sau biyu, har ƙanenta Hafizu ya tarar da ita. Ranar 2 ga Mayu darakta ya aiko mini takarda cewa in ta faɗi jarrabawar Yuni za a sallame ta, wai ba ta da kai.

2. Al'adar malamin ajin, Mushe Ya'u, ita ce bayan dikte, wato shifta, wanda ya fi kowa maki shi ke riƙe bulala, kowane kuskure bulala ɗaya. Tun Janairu Hafizu ke zuwa na ɗaya. Ranar 6 ga Maris ya yi wa yayarsa bulala goma sha tara a gaban aji, yana kuka, malam yana ƙirgawa. Da ya sassauta hannu aka ce ya sake daga farko. Tun ranar ba su ƙara cin tuwo a kwano ɗaya ba, kuma yanzu yaron da gangan yake ɓata diktensa. Wannan ba tarbiyya ba ce. Wanda ya koya wa ƙane ɗaga hannu a kan yayarsa, cikin gidana ya shiga ya yi ɓarna.

3. Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ni ma na doke ta, na ce lalaci ne. Kakarta ta ce iskoki ne. Aka auna idonta a Maradi, lafiya lau. Sai ranar 19 ga Afrilu na kai ta Tsibiri wurin Madam Tasalla, tsohuwar malama da ta ajiye aiki. Ta yini da ita, sannan ta ce da dukkan alamu abin da ake kira disleksiya ne. Ba ciwon ido ba ne, ba daƙiƙanci ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ke shan wuyar haɗa harafi da sautinsa, kuma haka ake haihuwar wasu. Bulala ba ta maganinsa. Sannu ake koya musu, sauti ɗaya-ɗaya, suna faɗa suna zanawa da yatsa a rairayi. A gabana ta karanta mata darasi sau ɗaya, yarinyar ta amsa tambaya tara cikin goma. Har muka iso gida ban iya haɗa ido da ita ba.

4. Ranar 22 ga Afrilu na kai wa darakta wannan bayani. Ya ce yara tamanin da bakwai ne a ajin, ba shi da lokacin cutar Turawa. Na yarda yaran suna da yawa. Amma yawan da bai hana ƙirga bulala ba, bai kamata ya hana sauraron yarinya ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙon mai girma Sufeto ya dakatar da korar, ya hana sa yaro dukan yaro, ya kuma ba da izini a karanta mata tambayoyin jarrabawa ta amsa da baki. A turo wanda zai duba bencin baya na ajin, domin ba na jin ita kaɗai ce.

Jarrabawa saura ƴan makonni. Kowace safiya ita ke ɗaukar jakarta ta tafi, ba wanda ya tilasta mata. Ban gaya mata zancen takardar ba tukuna, kuma ina roƙon kada a sa ni in gaya mata.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora.

Mai biyayya,
Jibo Maidawa