Hulunan Tattasai

Litinin, 6 ga Mayu

Nas ta zo da ma'auninta. Maman yara ta sake raguwa, kilo ɗaya da rabi tun da aka sallamo mu daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikinta. Ni na tallafe ta ta hau, saboda ƙafar dama har yau ba ta ɗaukarta, hannun dama ma haka. Ba ta da nauyin komai.

Da na raka nas bakin ƙofa ta ce, "Baba, maƙogwaronta ya warware, tana iya haɗiyar abu mai laushi. Ƙin ci take yi. Na ba ku mako biyu. In raguwar ba ta tsaya ba, dole a mayar da ita a sa mata robar abinci ta hanci."

Robar nan. Matar da ke gadon kusa da namu ita aka sa wa, har da ɗaure mata hannu don kar ta fizge. Kwana tara maman yara tana kallonta. Ranar da za mu fito ta kama wuyan hannuna da hagunta, ta ce da bakin nan nata da ya karkace, "Kar ka bari." Na ce ba zan bari ba. Na faɗa ne kamar abin a hannuna yake.

Talata, 7 ga Mayu

Shayi rabin kofi. Ƙwai, ta kawar da kai. Dankalin da na murƙushe, cokali biyu.

Laraba, 8 ga Mayu

Na rufe shago har sai abin da hali ya yi. Wanda ya ba ni aikin kabad ya kira sau uku, na ce masa katako ba ya ruɓewa a mako biyu, in yana sauri ga kafintoci nan cike da gari.

Auta ta koma gidanta tun Asabar, ga jariri ga aiki, ba zan riƙe ta ba. Saura mu biyu a gidan.

Ina wanke kofi wani tunani ya zo mini. Cusasshen tattasai. Shekara talatin da huɗu duk Alhamis sai ta yi shi: manyan tattasai, ciki cike da shinkafa da niƙaƙƙen nama, a tsaye cikin ruwan tumatir. Ai ba wanda zai riƙa dafa abu duk mako in ba shi ya fi so ba. Na kira Auta ta faɗa mini yadda ake yi. Sai da ta gama dariyarta tukuna. "Baba, ka ma san inda ashana take a kicin ɗin?" Na ce ita ta san inda guduma take a shagona? Ta faɗa, na rubuta a bayan takardar magani.

Alhamis, 9 ga Mayu

Mai kayan miya ya gan ni ina zaɓen tattasai ina dasa su a kan teburinsa, ina duba wanda zai tsaya da gindinsa. Ya ce, "Malam, kujera za ka haɗa da su?" Na biya kuɗina na tafi.

Na yanke musu huluna, haka ake kiran saman nan mai ƙara a gidan nan. Na kwashe 'ya'yan ciki. Na haɗa nama, shinkafa, albasa, tafarnuwa, gishiri. Na cusa, na danna da babban yatsa yadda nake danna ƙusa, don a sanina abin da bai matsu ba bai haɗu ba. Ba wanda ya gaya mini shinkafa tana kumbura haka. Da na buɗe tukunya duk shidan sun fashe, sun baje. Ban kai mata ba, kunya ta hana ni. Na ci abin da zan iya, na zubar da sauran.

Ita yau madara kawai, ita ma ba ta shanye ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Ya yi kyau yau. Na bar sararin yatsa ɗaya a saman kowanne. Sun fito a tsaye, uku ja, uku kore. Na zaɓi wanda ya fi kyau, na sa a farantin baƙi, na ɗora a tire, har da goge gefen farantin. Na shiga ɗakin ina jin kaina.

Ta duba. Na ga hancinta ya motsa, wallahi na gani. Sai ta sa hagu ta turo farantin gabana. Na mayar, ta sake turowa. Na yanka ƙanana, na kai cokali bakinta, ta datse haƙora.

Na ce, "To, sai a sa miki robar, kowa ya huta."

Ni na faɗi haka. Na rubuta a nan don kar gobe in ce ban faɗa ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai juya fuska bango. Da ma kukan ta yi.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na ba ta haƙuri. Ta lumshe ido. Ban san ko ta haƙura ko ta gaji da ni ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Rabin kilo ya sake tafiya. Nas ta rubuta a katinta, ta ce sai Litinin. Tsoro nake ji. Shekarata sittin da ɗaya, na binne iyayena duka biyu, ban taɓa jin irinsa ba.

Talata, 14 ga Mayu

Na fitar da katifarta ta sha rana, don haka na zaunar da ita a kujera a bakin ƙofar kicin, inda zan riƙa ganinta. Rabonta da ganin kicin ɗin tun ranar da ta faɗi. Na sake ɗora tattasai, ba don ina sa rai ba, sai don ban iya dafa komai ba sai shi.

Na gama cusawa. Saura huluna shida, da guda ɗaya da ya yage a hannuna, da ɗan haɗin naman da ya rage a gindin kwano. Na tattara su na nufi kwandon shara.

Sai na ji ƙwam. Sandarta ta buga a ƙofa. Na juyo a firgice, na ɗauka faɗuwa ta yi. Ashe harara ce, irin wadda rabona da ita tun tana da lafiya. Ta sake bugawa, ta nuna kwanon hannuna, ta ɗaga sandar ta nuna can saman kantar kicin. Na hau na duba. Wata 'yar tukunya ce mai hannu ɗaya, gindinta baƙi ƙirin. Ni na kafa kantar nan da hannuna, amma ban taɓa sanin da tukunyar ba.

Ta yi ta ƙoƙarin magana, harshe ya ƙi, ta gaji, hawaye suka zo. Na kira Auta.

Ta ce, "Baba, ai Mama ba ta cin cusasshen. Naka biyu, namu ɗai-ɗai. Ita hulunan take yayyankawa, da wanda ya yage, da ragowar naman, ta zuba a ƙaramar tukunya da ruwan tumatir ta yi romo. A nan kicin take sha bayan an kai maka naka. Na ɗauka ka sani. Na ɗauka kai za ka ci, shi ya sa ka tambaya."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun da na yi wayo."

Ban dafa romon yau ba. Kafin in gama waya barci ya ɗauke ta a kujerar. Na rufe kwanon na sa a firij.

Laraba, 15 ga Mayu

Rashin sani ya fi dare duhu. A falo ake kawo mini abinci, in ci, in ce an gode in na tuna, a ɗauke. Ban taɓa tambayar kaina me ake ci a bayan bangon nan ba. Na san lambar takalminta, na san maganin da ke sa ta jiri, amma ban san abin da take sa wa bakinta ranar Alhamis ba. Kuma ni da ba na yar da guntun katako ko kamar yatsa ne, ni ne na zubar da abincinta a shara har sau biyu.

Na buɗe shago na awa uku. Na haɗa mata kujera mai tsayi, da majingina da madafar hannu a dama, tsayinta daidai da murhu, yadda za ta ga cikin tukunya ba tare da ta miƙe ba. Na goge ta sosai don kar ta kama mata zane. Wannan dai na iya.

Shayi da rabin ƙwai.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na ɗora ta a kujerar, na ɗaure ta da gyale a ƙugu don kar ta zame. Ta dubi aikin, ta shafa madafar. Ba ta yaba ba, da ma ba halinta ba ne.

Na jawo 'yar tukunyar, ta girgiza kai, ta nuna babbar. Sai an fara da nawa. Na ce ba na jin yunwa, ta buga sanda. Haka na cusa biyu na ɗora, sannan ta yarda muka juya kan nata.

Zan rubuta yadda aka yi, kar in manta. Mai kaɗan. Albasa har ta yi laushi, ba a bari ta yi ja. Ragowar naman da shinkafarsa, a farfasa da cokali. Huluna, a cire ƙaran, a yanka ƙanana, ƙanana sosai, sau biyu tana mayar da ni. Tumatir. Ruwa ba na famfo ba, daga babbar tukunya ake ɗibo ludayi uku, wanda cusassun suka dahu a ciki. A rage wuta, a rufe rabi, a bari shinkafar ta narke har romon ya yi kauri. Na tambaye ta gishiri cokali nawa. Ta kalle ni kamar na tambayi hanyar gidanmu. Ta sa yatsu uku ta ɗiba ta watsa.

Na ɗauko faranti, ta ƙi. Ludayi ta nuna. Na ɗiba, na hura, na riƙe mata. Ta kurɓa. Na ga maƙogwaron ya motsa. Ta ce, "Tafarnuwa ta yi yawa," kalma huɗu a jere, mafi tsawo da ta yi tun asibiti. Sannan ta sake buɗe baki.

Cokali tara, daga cikin tukunya. Na juya baya na yi kamar ina neman murfi.

Juma'a, 17 ga Mayu

Cokali sha huɗu da rana, shida da yamma. Ni kuma cusasshen tattasai ya fara fita mini ta hanci, don ba ta taɓa nata sai ta ga na cinye nawa.

Asabar, 18 ga Mayu

Yau jikin ba daɗi. Cokali huɗu, ta yi tari, ta ture. Ban matsa mata ba. Saura kwana biyu.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ta ci, alhamdulillahi, har ta nuna a kankaro na gindin tukunya.

Abin ya tsaya mini a rai tun Talata, yau na kasa riƙewa. Ina goge mata baki na ce, "Wai romon nan, so kike yi, ko don shi ne ya rage?"

Ta daɗe tana juya harshe. Na jira. Ta ce, "Da, shi ya rage." Ta huta. "Yara huɗu." Ta sake hutawa, ta ɗan ɗaga kafaɗar da ke motsi. "Sai na so shi."

Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba.

Ta ce, "Ka tambaya?"

Babu faɗa a muryarta. Da da faɗa, da na sami abin cewa.

Litinin, 20 ga Mayu

Nas ta auna sau biyu. Ba ta ƙaru ba, amma ba ta ragu ba, karo na farko tun da muka dawo. Ta ce a ajiye maganar roba tukuna, za ta ci gaba da zuwa duk Litinin. Ta tambayi me muke ba ta, na faɗa. Ta ce, "Baba, kai kake dafawa?" Maman yara ta nuna ƙirjinta da hagu, wai ita ce. Ban musa ba.

Da rana na sayo tattasai shida, ban tsaya duba masu tsayuwa da gindi ba. Na ɗora ta a kujerarta, na yayyanka su duka a babbar tukunya, huluna da jiki, ban ware ko ɗaya ba. Don dai ya fi sauƙi ne, cusawar nan tana cin lokaci, ga shago yana jirana.

Tana kallon wuƙar har na kai na ƙarshe. Ta ce, "Naka fa?"

Na ce ga shi nan a ciki.

Ta ce, "Ba zai ishe ka ba, Malam."

Da ya dahu na ɗauko cokali na biyu, na jawo wata kujera kusa da tata. Ta ɗan matsa mini da tukunyar tsakiya. Muka ci. Ya ishe ni.