Mutumin da ke Bangon Ɗakina

Auta,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya mijin naki? Ni lafiya, ban da gwiwa.

Ɗanki Dogo ne ya sa na ɗauki biro. Kin kawo min shi kin ce in riƙe ko zai shiryu, to ga shiriya. Ya je wani shago an caccaka masa allura a damtse, an zana masa fuskar mutum da tawadar da ba ta fita. Tatu ko me. Wurin ya kumbura yana tsatsar ruwa, ƙuda na bin sa, kuma da hannun yake miƙo min kofi. Na ce, "Maigidana, wane ne wannan mai kunne kamar faranti?" Ya ce, "Haba Kaka, mijinki na fari ne ba ki gane ba? Yanzu kullum muna tare, shi ke tsare ni."

Hoton da ke bangon ɗakina ya ɗauka a waya ya kai musu. Auta, kin san hoton nan. Da shi a ciki na sayi firam ɗin, na rataya don in rufe tsagewar bango. Babanki har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Wa ya ce wa yaron nan kakansa ne? Zan gaya masa, ya je a kankare ƙazantar nan ko da dutse ne.

Ki gaida yara.
Innarki

*

Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Babu wanda ya gaya masa. Yaro ya tashi yana ganin namiji a bangon kakarsa, wa kike so ya zata?

Inna, don Allah ki yi shiru. Ya kira ni a waya, ya ce tun da aka yi zanen bai sake shan ƙwaya ba. Wai kunya yake ji ya kai hannun baki kakansa na kallo. Mai garejin da ya kore shi ma ya mayar da shi aiki. Kin san mun yi duka, mun yi asibiti, mun yi kuka, duk a banza. Ni ma zanen ba ya burge ni, amma idan kika faɗa ya koma ruwa, ban san inda zan sa kaina ba.

Ki yafe min in na yi tsaurin ido.
'Yarki

*

Auta,

Saƙonki ya iso. Har ke da karatunki?

Tawada ce fa. Tawada da ruwan miki. In tsari ne, ya fara tsare kansa daga ƙuda mana. Shi kansa babanki bai iya tsare bakinsa daga taba ba, balle wani ƙaton banza da aka biya ya yi wa masu firam murmushi.

Kullum da safe sai yaron ya tsaya gaban bango ya ce wa hoton, "Kaka, na tafi aiki." Ni da ke dafa masa abinci sai dai ya ɗaga min hannu.

Shekaranjiya abokan nan nasa masu jajayen idanu suka zo ƙofa suna fito. Ina leƙe ta taga. Ya fita, ya daɗe tsaye yana shafa damtsen, sai ya dawo ya sa sakata. Ban ce zanen ne ba. Abin da na gani na faɗa miki.

Ban yi miki alkawarin komai ba.
Innarki

*

Auta,

Gaisuwa. Jiya ya zauna a bakin gadona ya ce in ba shi labarin kakansa, wane irin mutum ne. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya. Sai na kalli bangon na ce, mai haƙuri ne, tun da ya shigo ɗakin nan bai taɓa ɗaga min murya ba.

Ban yi ƙarya ba.

Ki aiko masa da riga mai dogon hannu. Ba zan ci abinci mutumin nan na kallon bakina ba.

Innarki