Kafin Ka Kai Inna Tsafe, Duba Tayar Hagu

Yazid,

Na tafi gona Bungudu a kan babur, ban tashe ka ba.

Jiya a hanyar Wonaka na ji jif tana rinjaya hagu, amma fitilar iskar taya ba ta kama ba. Ƙanwarmu Kulu ta ce ta kama shekaranjiya, ka danne maɓallin ƙasan sitiyari ta mutu, wai kada hankalin Inna ya tashi.

Ka san abin da ka yi kuwa? Maɓallin nan ba ya gyara komai. Ka nuna wa motar iskar da ta rage ita ce daidai, ta kuwa yarda. Yanzu taya na sacewa, mota ta yi shiru.

Na duba ta gaba ta hagu. Akwai ƙusa sabuwa fil, kuma an lanƙwasa ta. Da hannu aka dasa ta a titi.

Kafin kai da Inna ku kama hanyar Tsafe zuwa ta'aziyyar nan, ka kai motar wurin Malam Hamidu mai faci a Sabon Gari. Ya cire ƙusar, ya auna duka tayoyin har da safaya. Sai bayan nan ka riƙe maɓallin har fitilar ta ƙifta, ka ɗan zaga gari.

In ta sake kamawa, ku fasa tafiyar. In Inna ta yi faɗa, ka ce ni na hana.

Ka fi ni sanin hanyar Tsafe. Duk wanda ya durƙusa canjin taya a can, daga daji ake kallonsa.

Yayanka,
Arzika