Atamfar Ranar Sallama

Talatu,

Matar Yaya ta sauka lafiya a asibitin Birnin Kudu, an samu mace. Kina barci labari ya zo, na bi motar Ɗan'azumi.

Ki haɗo mata tsofaffin zannuwa masu taushi, da riga mai buɗewa ta gaba saboda shayarwa, ki biyo motar azahar.

Na buɗe akwatinta zan ɗauki atamfar da Yaya ya saya mata da kuɗin ƙarin albashi na Udoji don ranar sallama daga asibiti. Ninkin ba nata ba ne, ga maiƙo a gefe, kuma turaren da ke tashi ke kaɗai ke shafa shi a gidan nan. Ranar bikin da aka yi a garin Zandam me kika ɗaura?

Kada ki wanke ta. In na dawo tare za mu shinshina.

Yayarki Safiyatu