Layin da Malam Sadisu Ya Ƙi Karantawa

Jahun, 3 ga Maris

Ƙanwata Hadiyya,

Assalamu alaikum. Ya Dutse, ya ɗalibanki? An sa sunana cikin masu neman shugabancin kwamitin kula da masu buƙata ta musamman na yankinmu. Ki rubuto min takardar shaida, ki faɗi yadda na riƙe ki tun da idonki ya tafi. Shaidar makauniya, kuma malama, za ta yi nauyi. Ranar Laraba ne taron.

Yayanki,
Ikrima

Dutse, 6 ga Maris

Yaya Ikrima,

Wa'alaikumus salam. Wayata ta karanta min wasiƙarka. Ita dai ba ta ragi, ba ta ƙari. Ga shaidar nan, da rubutun makafi na yi ta don kwamiti ya ga hannuna ne. Ka miƙa wa Malam Sadisu, sakataren ƙungiyar makafi, ya karanta a gaban jama'a. Duk abin da ka yi min na sa, ban bar komai ba.

A gaida Anti Rabi'atu da yara.
Hadiyya

Jahun, 11 ga Maris

Hadiyya,

Sallama kawai, don ta zama dole. Ashe tarko kika ɗana min? Da hannuna na miƙa takardar, ina ta washe baki. Sai ga Malam Sadisu yana shafa ta yana faɗa wa ɗaki guda cewa shekara goma sha ɗaya da suka wuce kwaleji ta aiko miki da takardar samun gurbi, ni kuma na karanta miki cewa ba su ɗauke ki ba. Wai a akwatin marigayiya Inna kika tsince ta, waya ta karanta miki. Na rasa inda zan sa kaina. An cire sunana.

E, na yi. Tsoro na ji. Wa zai yi miki jagora a titin Dutse, ga 'yan adaidaita kamar mahaukata? Kuma dole ne sai a bainar jama'a za ki tona min asiri?

Malam Sadisu ya kai layin ƙarshe ya ƙi karantawa, ya ninke takardar ya ba ni. Me kika rubuta a wurin?

Ikrima

Dutse, 14 ga Maris

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Shekara shida na yi a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, ina ganin ni daƙiƙiya ce, kafin na sake gwadawa. Titin da ka ji min tsoro, kullum ni da sandata muke tsallaka shi. Shaidar da na rubuta kuwa, ban yi nadama ba, daɗi ma na ji.

Layin ƙarshe kuwa, ajinmu na koyon rubutun makafi duk Asabar ne, ƙarfe goma. Ka zo ka koya, ka karanta da kanka. Kada ka ba kowa ya karanta maka, Yaya. Mutane suna ƙarya.

Ka huta lafiya.
Hadiyya